Ina kafur ɗin da na zuba a akwati ya tafi?

Tambayar da wata baiwar Allah ta turo daga Tudun Wada: "Assalamu alaikum Malam, dan Allah bayan sanyi ya wuce na wanke barguna da rigunan sanyin yara na jera a akwatin ƙarfe na zuba kafur kusan guda goma, jiya na buɗe ban tarar da komai ba sai wasu 'yan mitsi-mitsi guda biyu kamar ƙwayar dawa, babu ruwa babu tabo a jikin kaya sai wari kawai. Maƙwabciyata tace jabu aka sayar min, ɗana kuma yace malaminsu yace iska yake komawa. Wanne ne gaskiya?"

Wa alaikumus salam Hajiya, ɗanki ne da gaskiya, yau a ƙara masa tsoka a miya. Ba jabu aka sayar miki ba kuma ba ɓera bane ya cinye, hasali ma da kin buɗe akwatin bayan wata shida kin tarar da kafur ɗin yana nan ƙato yadda kika saka shi kuma babu wari, toh wannan ne ya kamata ki mayar wa mai shago. Ɓacewar ita ce aikin nasa. Ni kimistiri nake koyarwa a sakandare nan Samaru a Zariya kuma duk shekara sai mun zo kan wannan darasin da 'yan SS1, bari in warware miki a tsanake, ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo don akwai wani ɓangare da ya shafi lafiyar yara da bana son in tsallake.

Da farko abin da muke kira kafur a kasuwa ba abu ɗaya bane, abubuwa uku ne daban-daban. Akwai na asali wanda ake samu daga wata bishiya da ke fitowa a gabashin Asiya, wajen su Sin da Japan da Taiwan, shi ne wanda ake sakawa a ruwan ƙarshe na wankan gawa, duk da yanzu yawancinsa a masana'anta ake haɗa shi. Sai farar ƙwallon nan ta akwati mai kama da alawa, wadda yawanci wani sinadari ne da ake kira naftalin, kuma daga bayaninki kusan tabbas shi kika saya. Na ukun sunansa paradikilorobenzin, da shi aka fi yin dunƙulen nan da ake ratayawa a bayi ko a jefa a wurin fitsarin maza a manyan ofisoshi, amma ana yin ƙwallon akwati da shi ma. Dukansu ukun suna da wannan halin na ɓacewa. Shi naftalin daga kwaltar da ke fita in an gasa gawayin kwal aka fara ciro shi, wani malamin kimiyya a jami'ar Okasfod ta Ingila mai suna John Kidd ne ya yi bayaninsa ya raɗa masa suna a 1821, Michael Faraday kuma ya tantance abin da ke cikinsa a 1826, kabon ne da haidurojin kawai, kowace ƙwayarsa tana da kabon 10 da haidurojin 8.

Abin da ido ya saba gani shi ne ƙanƙara ta narke ta zama ruwa, ruwan in ya ji wuta ya zama tururi. Hawa uku kenan, sandararre, mai ruwa-ruwa, sai iska. Shi ya sa kika duba jikin kaya kina neman tabo ko danshi, don a tunaninmu dole abu ya narke kafin ya tashi. Toh ba dole bane. Sandararren abu yana iya tashi ya shiga iska kai tsaye ba tare da ya bi ta hawa na biyu ba, wannan shi ne abin da malamin ɗanki yake nufi, a kimistiri muna kiransa sablimeshan.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwallon nan da kike riƙewa a hannu tarin wasu ƙananan ƙwayoyi ne da muke kira molikul, ƙanƙantarsu ta wuce misali, ƙwallo ɗaya mai nauyin giram 3 tana ɗauke da kusan 14 da sifili 21 a bayanta. An jera su ne reras a tsare amma ba a tsaye cak suke ba, kowacce tana karkarwa a inda take dare da rana, kuma wannan karkarwar ita ce ainihin abin da muke kira zafi, in abu ya ƙara zafi karkarwar ce ta ƙaru. Kuma ba daidai suke karkarwa ba, suna ta bugun juna, wata ta samu ƙarfi da yawa a wannan daƙiƙar wata ta rasa. Ki ɗauka ranar hawan sallah ce a Ƙofar Fada an cika maƙil, wanda ke tsakiyar taro ko ya gaji babu inda zashi don an matse shi gaba da baya, amma na bakin-baki da ya samu 'yar kafa sai ya zame ya kama hanyar Babban Dodo, wanda ke bayansa kuma ya zama shi ne na baki. Haka ƙwayar da ke saman fatar ƙwallon take, maƙwabtan da ke riƙe da ita kaɗan ne, duk sanda ta dace da bugu mai ƙarfi sai ta fizge ta shiga iska ita kaɗai. Ɗaya bayan ɗaya, daga waje zuwa ciki, shi ya sa ƙwallon take ƙanƙancewa tana nan da siffarta har ta koma kamar ƙwayar dawar da kika gani. Narkewa kuwa sai jerin gaba ɗaya ya rushe a lokaci guda, kuma wannan yana buƙatar zafin digiri 80, wanda ɗakinki ko a watan Afrilu bazai kai ba.

Wani zai ce toh me ya hana gishiri ko kanwa ko sukari su ɓace in an ajiye su a kicin? Bambancin yana wurin irin riƙon da ƙwayoyin suka yi wa juna. Ƙwayoyin gishiri suna da caji, wata mai fositib wata mai negatib, suna manne da juna da ƙarfin gaske har sai zafi ya kai digiri 801 kafin gishiri ya narke, a zafin ɗaki babu wadda zata samu ƙarfin fizgewa. Sukari ma yana da wasu 'yan hannuwa na oksijin da haidurojin da yake kama na kusa da shi. Shi kuwa naftalin ƙwayarsa shimfiɗaɗɗiya ce, zobe biyu a manne, babu caji babu hannuwan kamu, abin da ke haɗa ta da 'yar uwarta wani ɗan jan juna ne mara ƙarfi da ake kira ƙarfin Van der Waals. Ki lura da kyau a nan don ɗalibai suna yawan faɗuwa a wurin, a cikin ita ƙwayar kanta kabon da haidurojin suna ɗaure tamau kuma babu abin da ya tsinke, tsakanin ƙwaya da ƙwaya ne riƙon yake sako-sako. Ma'ana abin da ya shiga iska naftalin ne dai cikakke, bai ƙone ba bai rikiɗa ya zama wani abu ba. Warin da ya buge ki da kika ɗaga murfi shi ne kafur ɗin da kike nema, hancinki ya shiga.

Yanzu ga inda abin yake da daɗi. In kika saka ƙwallon a kwalba kika rufe ruf, ƙwayoyi zasu yi ta tashi amma babu hanyar fita, suna ta yawo a ciki wasu sai su sake faɗowa kan ƙwallon su manne. Ana nan har a kai lokacin da adadin masu tashi ya yi daidai da na masu dawowa, daga nan ƙwallon ta daina raguwa duk da cewa shiga da fita basu tsaya ba. Matsin da wannan tururin yake yi a wannan matakin shi ake kira matsin tururi, kuma shi ne ma'aunin da muke gane yadda abu yake son tashi. Na naftalin a zafin digiri 25 kusan faskal 11 ne (faskal shi ne ma'aunin matsi), na ruwa a wannan zafin ya haura 3,000, wato kusan sau 300 kenan, shi ya sa shanya take bushewa kafin la'asar amma kafur yake ɗaukar watanni. Matsin iskar duniya da ke danne mu kuwa ya kai wajen faskal 101,000 a bakin teku, a nan Zariya ya ɗan ragu kaɗan saboda muna kan tudu. Kinga 11 a gaban wannan ba komai bane, amma hancin ɗan Adam yana jin warin naftalin ko da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na iskar ba.

In aka buga lissafi da wannan 11 ɗin, iska mai cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi bata iya ɗaukar fiye da rabin giram da ɗan wani abu na naftalin. Akwatinki in muka ce yana cin lita 100, wato rabin duro, iskar cikinsa bata iya riƙe ko kashi ɗaya cikin goma na giram guda. Da a ce akwatin a toshe yake ta ko'ina, da ƙwallo goman nan kusan duk suna nan. Tunda sun ƙare, amsar ita ce akwatin yana yoyon iska, ta bakin murfi, ta wurin da murfin ya haɗu da jikin akwatin, ta ramin makulli, ga kuma duk sanda aka buɗe a ɗauki wani abu an zubar da wadda ta taru an shigo da sabuwa, sai ƙwallon ta sake biyan bashi. Wani kaso kuma barguna sun shanye, shi ya sa warin yake maƙalewa a jikinsu. Ragowar kuma duk cikin ɗakin da kuke kwana ta fita.

Sannan ki duba lokacin da kika saka su. Ana gama sanyi wajen Fabrairu kika rufe akwati, sai ga Maris da Afrilu sun shigo, lokacin da zafin Zariya yake dosar digiri 40 da rana. Matsin tururin nan baya hawa a hankali, tsalle yake yi, daga digiri 20 zuwa 30 kusan ninki uku yake, daga 20 zuwa 40 kuma ya haura ninki shida. In kuma akwatin yana kan sif kusa da silin a ɗaki mai rufin kwano, nan ne wuri mafi zafi a gidan gaba ɗaya. Irin wannan ƙwallon da kin saka ta a Disamba cikin hunturu zata daɗe sosai fiye da haka. Iska mai kaɗawa ma tana ƙara sauri don tana kwashe waɗanda suka tashi kafin su dawo, fanka kenan ko taga a buɗe, haka in aka daka ƙwallon ta zama gari, fatar da ke fuskantar iska ta ƙaru ninkin ba ninki, cikin 'yan kwanaki an gama. Laimar damina dai babu ruwanta a ciki, wasu suna cewa danshi ne ke cinye shi, a'a, naftalin kusan baya narkewa a ruwa, abin da lita guda take iya narkarwa bai wuce miligiram 30 da 'yan kai ba.

Akwai wani abu da littattafan makaranta da yawa suke koyarwa a karkace kuma yana ci min tuwo a ƙwarya. Sai a jero wa yaro iyodin da naftalin da kafur da amoniyam kulorayid a ce masa waɗannan basa narkewa, tashi kawai suke yi, yaro ya haddace ya rubuta a WAEC ya ci maki. Amma naftalin yana narkewa sarai, ki saka shi a kwalbar gwaji ki tsoma a ruwan zafi, yana kaiwa digiri 80 zai zama ruwa garai-garai, a 218 kuma ya tafasa, har da shi muke koya wa yara auna zafin narkewa a aji. Gaskiyar maganar ita ce yana iya bin hanya biyun, a ƙasa da 80 yana tashi kai tsaye a hankali, a sama da 80 ya narke tukuna. Wanda da gaske baya iya zama ruwa a irin matsin iskar da muke rayuwa a ciki shi ne busasshiyar ƙanƙara, wato iskar kabon dayoksaid da aka daskarar, tana tashi a digiri 78 da rabi ƙasa da sifili kuma sai an matse ta da abin da ya haura ninki biyar na matsin iskar duniya kafin a ga ruwanta. Ita ce masu kwalliyar wurin biki suke zubawa a ruwan zafi farin hayaƙi ya malala a ƙasa lokacin shigowar amarya da ango, kuma shi farin da ake gani ma ba ita bace, laimar iska ce da sanyinta ya mayar hazo. Ƙanƙarar ruwa ta gida ma tana yi, in an samu wuta ta zauna ki bar ƙanƙara a buɗe a firiza tsawon makonni zaki ga ta rame, naman da ba a ɗaure da kyau ba kuma samansa ya bushe ya yi fari-fari. Da wannan dabarar ake busar da wasu alluran rigakafi irin na ƙyanda, a daskarar da su a zuƙe iska ƙanƙarar ta tashi ta bar gari a kwalba, sai ranar da za a yi wa yara a haɗa da ruwa.

Abin kuma yana komawa baya. A ɗakin gwaji muna daka naftalin mu cakuɗa da yashi mu zuba a kofin gilashi, mu ɗora wata kwalba mai ruwan sanyi a bakinsa kamar murfi, mu ɗan ɗumama ƙasan kaɗan. Ba a jima ba zaki ga gindin kwalbar ta sama ya fara fitar da wasu siraran ɓawo masu ƙyalli kamar ɓamɓarokin kifi, wasu kamar allura, suna tsiro ƙasa-ƙasa suna rataye, farare tas, yashin kuma yana nan a ƙasa shi kaɗai. Tururin ne ya taɓa wuri mai sanyi ya koma sandararre kai tsaye, nan ma bai bi ta ruwa ba. Ba sai kin zo makaranta ba ma, ki ɗauki ledar kafur da ta daɗe a shago ki ɗaga ta a haske, zaki ga cikin ledar ya yi wani ƙyalƙyali kamar an barbaɗa sukari kuma wasu ƙwallayen sun manne da juna, zafin rana ne ya tashe shi sanyin dare ya sauke shi. Wani lokacin har a cikin murfin akwatin ƙarfe ana ganin haka.

Toh me ya sa ake saka shi tun farko? Saboda asu. Ita uwar asu mai fiffike bata cin komai, ƙwai take sakawa a kaya, tsutsar da ta ƙyanƙyashe ita ke huda su, kuma abincinta ulu ne da gashi da fata da siliki. Tururin naftalin guba ne gare su amma sai ya taru da yawa a rufaffen wuri ya kwana biyu. Wannan ya nuna miki abu biyu. Ɗaya, masu watsa shi a ƙarƙashin gado da bayan kujera da lungun kicin wai don kyankyaso da ɓera da maciji asarar kuɗi suke yi, a buɗaɗɗen ɗaki tururin bazai taɓa taruwa ya kai na kisa ba, maciji ma ko a jikinsa, mutanen gidan ne kawai suke shaƙa. Biyu, yawancin barguna da suwaitar yara da ake sayarwa yanzu zaren roba ne ba ulu ba kuma asu baya cin roba, shadda da atamfa ma auduga ce bai cika damuwa da su ba sai in an ajiye su da dauɗar gumi ko maiƙon abinci. Ki duba takardar da ke wuyan rigunan, zai iya yiwuwa baki ma buƙatar kafur ɗin sam, wanki mai kyau da shanya a rana har su bushe ƙayau da ɗaurewa a leda mai kauri sun wadatar.

Yanzu maganar da na ce bana son tsallakewa. Akwai wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira G6PD, aikinsa kare su daga lalacewa. Mutane da yawa ana haifarsu da ƙarancinsa, gado ne da ya fi bayyana a 'ya'ya maza ta wajen uwa, kuma a Najeriya yana da yawa sosai, kusan namiji ɗaya cikin biyar. Ba sikila bace, wani abu ne daban, kuma mai shi yana iya girma lafiya lau bai san yana da shi ba sai ranar da ya haɗu da abin da zai tayar masa. Naftalin yana sahun gaba a cikin waɗannan abubuwan, in ya shiga jikin irin wannan mutumin ƙwayoyin jininsa fashewa suke yi. Jariri sabon haihuwa shi ya fi shiga haɗari don hantarsa bata gama ƙwari ba, kuma mu ga al'adarmu, mai ciki ta sayi kayan jariri da zannuwan goyo tun wata bakwai ta jera a akwati ta zuba kafur, ranar haihuwa a ciro a naɗe yaro a ciki. Tururin yana shiga ta numfashi kuma yana ratsa fata, in an shafe yaron da mai ya fi shiga ma don naftalin da baya narkewa a ruwa yana narkewa a maiƙo. Bayan kwana biyu uku sai a ga ido da jiki sun yi rawaya, a ce shawara ce a fara jiƙe-jiƙe da shanya yaro a hantsi. Shawarar jarirai in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har abada, maganinta a asibiti ne, akwai fitila ta musamman da ake kwantar da su a ƙarƙashinta, in ta kama har canjin jini ake yi. Dan Allah Hajiya ki isar wa matan unguwa, kayan jariri da kafur basa haɗa akwati, ɗakin mai jego ma kada a ajiye shi.

Yara masu rarrafe kuma suna ɗaukarsa alawa, musamman masu launi. In yaro ya haɗiya kada a bashi madara ko manja kamar yadda aka saba, maiƙo ƙara tura shi cikin jini yake yi, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro, a ɗauke shi da ledar kafur ɗin a tafi asibiti mafi kusa, in da hali asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba. Kuma kada a ce ai gashi yana wasa lafiyarsa ƙalau, na naftalin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya nuna, alamarsa fitsari ya yi duhu kamar shayi ba madara, tafin hannu ya yi fari, ido ya yi rawaya, yaro ya yi laushi. Kafur na asali shi kuma jijjiga yake kawowa kuma da wuri. Masu jiƙa ƙwallon akwati a ruwa su sha wai maganin basir ko ciwon ciki, da masu daka shi a man shafawa ko turaren wuta, wallahi su daina, ba a banza Tarayyar Turai ta hana sayar da ƙwallon naftalin tun 2008 ba, kuma hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi da paradikilorobenzin cikin abubuwan da ake zaton suna iya jawo cutar. Ga shi yana kama wuta da baƙin hayaƙi, kada a kusanta shi da kasko ko risho.

In dai kina da kayan ulu na gaske ko darduma ko wata alkyabba da dole sai an saka, ki samu mazubi mai rufuwa sosai, ki naɗe ƙwallayen a takarda ki ɗora a saman kayan tunda tururin ya fi iska nauyi, ki ajiye a sito ba ɗakin kwana ba, ƙwallo kaɗan sun isa in murfin yana kamawa. Ranar da za a ciro a buɗe a tsakar gida, a shanya a rana da iska kwana ɗaya ko biyu kafin a wanke, don ruwa kaɗai baya fitar da shi, hanyar da ya shiga ta nan zai fita. Kuma kada ki haɗa iri biyu a akwati ɗaya. Naftalin shi kaɗai sai 80 yake narkewa, paradikilorobenzin sai 53, amma in suka cakuɗu suna iya narkewa tun a wajen digiri 30, wanda a Zariya wannan ai zafin safiya ne a bazara, a nan ne zaki ga tabon maiƙon da kika nema baki gani ba.

In ledar babu rubutu kuma kina son sanin wanne kika saya, ki samu kofi biyu da ba a sha da su, ɗaya ruwa zalla, ɗayan ki yi ta zuba gishiri kina juyawa har ya ƙi narkewa ya kwanta a ƙasa. Kafur na asali yana yawo a saman duka biyun. Naftalin yana nutsewa a ruwa zalla amma ya taso a na gishiri. Paradikilorobenzin kuwa ya fi su nauyi, ƙasa yake tafiya a duka. Ki bar ɗan naki ya gwada da 'yan biyun da suka rage kina tsaye a kansa, in ya gama ya zubar da ruwan a masai ya wanke hannu da sabulu.